Idan Kusar Manifol Ta Karye a Cikin Tof

Da sanyin safiya ka murza makulli, inji ya tashi, sai ka ji wani ɗan sauti daga gefe guda, tik-tik-tik, yana bin bugun inji kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin faranti. Ka taka totur, ya ƙara sauri. Bayan minti biyar ko goma, da inji ya ɗau zafi, sai ya yi tsit kamar ba a yi ba. A nan ne mutane da yawa ke cewa ai tafet ne, baƙin mai bai gama hawa ba, su ci gaba da harkarsu. Sau da yawa ba tafet ba ne. Hayaƙi ne ke tsartuwa ta tsakanin tof silinda da manifol ɗin salansa, domin ɗaya ko biyu daga cikin kusoshin da ke riƙe su sun karye. Da ƙarfe ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe giɓin, shi ya sa ƙarar ke ɓacewa. Gobe da safe tana nan tana jiranka.

Motar da wannan ciwo ya fi yi wa suna ita ce mota mai ɗaki ta Amurka, wadda iyali ke fita hutu da ita, gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Kamfanoni irin su Winnebago na jihar Iowa, da tarin waɗanda ke kewayen garin Elkhart a Indiana, ɗakin kawai suke ginawa. Shasi da inji daga wajen Ford ko Chevrolet suke zuwa, a da har da Workhorse. Daga 1999 zuwa 2019 da yawa daga cikin manyan masu shan fetur a kan shasin Ford F53 aka ɗora su, da inji Triton V10 mai lita 6.8. A kan wannan inji zan gina bayanina, domin wanda ya iya shi ya iya sauran. Ba kasafai ake ganin mota mai ɗaki a titunanmu ba, amma injin nan da ƙaninsa V8 mai lita 5.4 suna cikin bas-bas na E-350 da akori-kura na F-250 da ke shigowa ta Legas da Kwatano, kuma da tsatsarsu suke isowa.

Abin da ke karya su

Kusar da ake magana a kai ba ta da kai. Tiredi ne a ɓangarorinta biyu, makanikai na ce mata sitod. Ɓangare ɗaya ya shige cikin tof, ɗayan ya leƙo ta ramin manifol a ɗaure shi da noti. A V10 kowace silinda na da biyu, goma ke nan a kowane gefe, ashirin gaba ɗaya. Kaurin kowace milimita 8 ne kacal, tiredin M8 × 1.25.

To, ka dubi abin da aka ɗora wa wannan 'yar kusa. Tof na alminiyam ne, ruwa na zagaya cikinsa, zafinsa ba ya yin nisa da digiri 100. Manifol kuwa ƙarfen zubi ne, babu ruwan da ke sanyaya shi, kuma hayaƙin da ke bi ta cikinsa yakan haura digiri 800 idan inji na jan gida mai nauyin tan 7 zuwa kusan 12 a kan hawa. Da dare, idan ka leƙa, za ka iya ganinsa ya yi ja. Tsakanin silinda da silinda milimita 100 ne, saboda haka tsawon manifol ya kai kusan rabin mita. Idan zafinsa ya hau da digiri 600 zai miƙe da wajen milimita 3, alhali tof ɗin da yake manne da shi bai miƙe da fiye da milimita 1 ba. Wannan bambanci a wuyan kusoshi yake ƙarewa, musamman na bakin gaba da na can baya. Kowace tafiya a lanƙwasa su waje, kowane sanyi a dawo da su. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san yadda abin ke ƙarewa. Na baya, kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin direba, su suka fi saurin tafiya, domin iska ba ta isa can sosai.

Sai kuma tsatsa ta zo ta ƙarasa. A jihohin arewacin Amurka irin su Michigan da Ohio da New York ana watsa gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, kuma tayar gaba tana feso ruwan gishirin kai tsaye a kan manifol. Mota mai ɗaki kuma ba kullum ake hawanta ba. Takan yi wata biyar ko shida a ajiye a kan ciyawa ko damshin ƙasa, ba zafin da zai busar da ita. Ka ciro irin wannan kusa ka duba: daidai inda ta fito daga tof za ka ga ta sirance kamar raken da aka tattauna, notin kuma ya zama dunƙulen ja, kusurwoyinsa sun narke.

Kada ka ce ƙara ce kawai. Iskar waje na shiga ta giɓin ta ruɗi sensar iskar oksijin, kwamfutar mota ta ɗauka fetur ya yi kaɗan, ta ƙara zuba shi. Mai ya ƙone a banza, katalis ɗin da makanikanmu ke kira indomi ya sha wahala, wani lokaci fitilar inji ta kama da lambar P0171 ko P0174. Hayaƙi mai zafi yana gasa wayoyi da robobin koyil, kuma in an daɗe yana cin fuskar tof ɗin kanta. Mafi muni shi ne iskar kabon monoksaid. A babbar mota mai ɗaki inji yana ƙarƙashin wani murfi ne tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba, wato a cikin ɗakin da yara ke wasa kuma ake kwana. Iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi. Mu da muka sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe cikin barci ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Kafin ka taɓa sufana

Aikin nan kwana uku kafin ranarsa yake farawa. Ka samu buroshin waya ka kankare kowane noti har ƙarfe ya bayyana, sannan ka fesa man da ke ratsa tsatsa, irin su PB Blaster ko Kroil. In babu, ka haɗa man giya na otomatik da asiton rabi da rabi, ka girgiza kafin kowane amfani. Ka fesa safe da yamma. Wanda ya fesa yanzu ya kama murzawa yanzu, turare kawai ya yi wa tsatsa.

Ka sayi kaya tun kafin ka kwance komai: gasket sabo, gara mai faifan ƙarfe hawa-hawa, da kusoshi da notuna na gefen gaba ɗaya. Ba na goyon bayan a canza biyun da suka karye a bar takwas, domin shekarunsu ɗaya, wahalar da suka sha ɗaya. Kuma kada ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka karɓi kowane irin ƙarfe don kawai tiredinsa ya yi daidai. Ka nemi kusar da aka yi don salansa, ko ta sitenles mai inganci irin ta kamfanin ARP, ko aƙalla mai ƙarfin lamba 10.9.

Mota mai ɗaki tana da abubuwa biyu da ƙaramar mota ba ta da su, kuma dukansu na iya jawo gobara. Akwai tukunyar gas ta girki da firji: ka rufe ta daga bakinta. Akwai kuma batir kashi biyu, na inji da na ɗaki: ka cire wayar at ta dukansu, ka kuma zare wayar wutar gida in an jona. Ka sa wa tayoyin baya waigi, ka ɗaga gaba, ka ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don ɗaukar irin wannan nauyi. Ƙafafun haidirolik da motar ke daidaita kanta da su a wurin zango ba don mutum ya shiga ƙarƙashi aka yi su ba. Ka cire tayar gaba da rufin da ke cikin ramin taya, sai ga manifol a gabanka daidai ƙirji. Ka buɗe murfin inji na cikin ɗaki don na sama da na baya. Abin kashe gobara ya kasance inda hannunka zai kai.

Kwance notuna

Fara da mahaɗar ƙasa, inda manifol ya haɗu da bututun salansa. Nan ƙarfe ne zalla, nesa da tof, saboda haka kana iya sa masa wutar gas har noti ya yi ja. Amma wutar nan kada ta kusanci tof. Alminiyam na narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Yana nan fari fat, sai kawai ka ga ya zube.

Notin asali na milimita 13 ne, amma tsatsa kan cinye shi har soket 13 ya riƙa yawo. Ka gwada na rabin inci, wanda shi ne 12.7, ko ka buga na 12 da guduma har ya zauna daram. Soket mai kusurwa shida kawai. Mai goma sha biyu zai goge abin da ya saura. Ka fara da ɗan ɗaurewa kaɗan, kamar za ka ƙara masa, don tsatsar ta fashe, sannan ka dawo baya. Ɗan gaba, ɗan baya, fesa mai, sake. Da hannu za ka yi, ba da bindigar iska ba, domin hannunka ne zai gaya maka gaskiya. Notin da ke kwancewa yana ƙara, yana ƙiii, yana tafiya da tsalle-tsalle. Wanda kusarsa ke murɗewa kuwa shiru yake, laushi yake yi a hannu kamar alewa. Da ka ji wannan laushi, ka tsaya.

Ga shawarar da nake ganin ta fi kowace tsada a wannan mataki: in noti ya ƙi, yanke shi. Ka sa ƙaramin dutsen yanka ko cizal ka tsaga notin, ka bar kusar a tsaye. Idan ka zare manifol za ka tarar da guntu mai tsawon kaurin manifol ɗin yana leƙe, abin da za ka iya kamawa. In kuwa ka dage da murɗawa, a wuyan da ya sirance za ta karye, daidai fuskar tof ko ma ciki, ka mai da aikin minti goma na yini guda. Wasu kusoshin za su fito tare da notinsu, wannan alheri ne, ka karɓa.

Da manifol ya fita, ka cusa tsumma mai tsabta a kowane ramin hayaƙi, don kada garin ƙarfe ya faɗa kan bawul. Ka ƙirga tsummokaran, ka ƙirga su kuma lokacin cirewa.

Guntun da ya leƙo

In tiredi ya saura, ka ɗaura notuna biyu, ka matse su da juna, ka murza na ciki. In babu tiredi, ka sa soket mai haƙora na cire kusa, ko filaya mai kulle sabuwa wadda haƙoranta ba su mutu ba, ka kama can gindi kusa da tof. Kafin ka murza, ka buga kan guntun da guduma sau biyar ko shida, bugu miƙe ba na gefe ba. Tsakanin ƙarfe da alminiyam wani farin gari ne ke taruwa ya riƙe tiredi kamar siminti, bugun nan ne ke farfasa shi. Idan filaya ta zame sau biyu, kada ka yi na uku. Ka wuce zuwa walda tun da sauran abin da za a liƙa wa.

Walda kafin huda

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya saurare ni. Kusar da ta karye daidai fuskar tof, abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya ɗauko injin huda. Ka ajiye shi tukuna. Walda ta fi shi ta fuska biyu. Ta farko, tana ba ka sabon kai da za ka kama. Ta biyu, zafin da ke ratsa kusar nan take yana kumbura ta, in ta huce ta tsuke, sai riƙon tsatsar ya saki. Ga kuma wata falala a injin V10: waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, saboda haka ko narkakken ƙarfe ya taɓa bakin ramin ba zai haɗe da tof ba.

Ka goge fuskar guntun da ƙaramin dutse har ta yi ƙyalli, domin walda ba ta zama a kan tsatsa. Ka share duk man da ka fesa ka bar wurin ya bushe. Kada ka wanke da man wanke birki mai sinadarin kulorin, domin in wutar walda ta taɓa shi yana zama iskar fosjin mai kisa. Ka lulluɓe wayoyi da bututun fetur da jiƙaƙƙen buhu ko fata. Maƙalar at ta injin walda ka kama ta a jikin tof ɗin, kusa da inda kake aiki, don kada wuta ta yi yawo ta cikin boris ko wayoyin kwamfuta tana neman hanya.

Sai ka ɗora washa mai kauri wadda raminta ya yi daidai da kusar, ka liƙa ta da guntun ta tsakiya. Ka fara wutar a kan kusar kanta, ka tabbata ita ce ta narke, sannan ka zagayo zuwa washa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika rami da walda mai kyan gani alhali ba ta ci kusar ba. A kan washar ka ɗora noti babba, na M10 ko M12, ka cika cikinsa har ya yi ja. Injin MIG ya fi sauƙi a wannan matsatsin wuri. In na sanda ne a hannu, kamar yadda yake a yawancin garejinmu, a nemi siririya, geji 12 ko ƙasa da haka, kuma sandar sitenles lamba 309 ko 312 ta fi riƙo. A kula kada sandar ta kama wuta a fuskar tof, tana barin tabo.

Yanzu sai haƙuri. Kada ka sa sufana noti na ja, ƙarfe mai zafi laushi gare shi, zai murɗe. Ka bari jan ya mutu, ka ƙara minti biyu ko uku. Wasu na goga kyandir a gindin yana da ɗumi don kakin ya bi tiredi, ni ma ina yi. Sannan ka sa ƙaramin sufana ka girgiza, dama da hagu, kamar mai gwada haƙori. Motsin farko ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ido ke ganinsa. Ka bi shi a hankali, kana faɗaɗa shi, har ya yi kwata, har ya yi rabi.

Notin zai iya ɓallewa. Ba faɗuwa ba ce. Kowace walda ta ƙara sassauta kusar, kuma takan bar ɗan tudu a kan guntun wanda ke sa ta gaba ta fi kamawa. Akwai kusar da sai a karo na huɗu ko na biyar take sallamawa. Notuna biyar ba su kai kuɗin bakin huda ɗaya mai kyau ba.

In ta karye can ciki, milimita uku ko biyar ƙasa da fuska, ka gina ta. Ɗigo ɗaya na walda a tsakiyar guntun, ka tsaya, ka kankare, ka ƙara wani a kansa, har tudun ya fito waje, sannan washa da noti. Ɗan guntun bututun jan ƙarfe da aka zura a ramin yana kare tiredi, domin walda ba ta kama shi.

Wanda injinsa Chevrolet 454 ne, ko Ford 460, ko Vortec mai lita 8.1 na shasin Workhorse, ya sani tof ɗinsa ƙarfen zubi ne. A nan walda na iya haɗe kusa da tof, saboda haka washa mai matsattsen rami da bututun jan ƙarfe sun zama dole. Amma shi yana da damar gasa kewayen ramin da wuta, abin da mai alminiyam ba shi da ita.

In ba makawa sai huda

Wani lokaci babu injin walda, ko wurin ya matse har sanda ba ta shiga. To, sai huda, amma ka san haɗarin da ke ciki. Kusar ƙarfe ce mai tauri, abin da ke kewaye da ita alminiyam ne mai laushi. Bakin huda kullum sauƙi yake nema, da ya samu dama zai zame daga kusar ya nutse cikin tof. Bayan ramin kuma, ba nisa, hanyar ruwan sanyaya inji ce. Ka huda ta, ka ga koren ruwa ko ja na ɗiga, to garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka abu biyu ne ba a wasa da su: tsakiya da zurfi. Don tsakiya, ka daidaita fuskar guntun, ka sa fanci ka buga ɗan tabo, ka haska da tocila ka duba daga kusurwa biyu, in ya kauce ka gyara shi kafin ka zurfafa. Abin da ya fi wannan shi ne farantin jagora, wanda ake ɗaurewa a ramukan da ke da lafiya, yana da bututun da ke riƙe bakin huda a miƙe. Kamfanoni irin su ProMAXX da Lisle na yin su don waɗannan injuna. In ba ka da shi, ka mayar da manifol ɗin ka ɗaure da kusoshi uku ko huɗu, ka sa mai injin juya ƙarfe ya yi maka ɗan bututu wanda wajensa ya cika ramin manifol, cikinsa kuma milimita 3. Don zurfi, ka zura waya a ramin da ba kowa a ciki, ka auna, ka naɗa salatif a bakin huda daidai wannan tsawo. Salatif ya taɓa fuska, ka tsaya ko me kake ji.

Ka nemi bakin huda na kobal mai juyin hagu, ka sa injin a ribas. Amfaninsa shi ne yana ci yana kwancewa, sau da yawa sai ka ga guntun ya biyo shi ya fito da kansa. Ka fara da milimita 3, ka hau 4, ka hau 5. Juyi a hankali, danni mai ƙarfi, ɗigon mai a kai a kai. Gudu da yawa na ƙona baki, kuma in kusar sitenles ce yana ƙara mata tauri har ta gagari huda. Idan ka miƙe a tsakiya, za ka iya hawa har 6.8, wanda shi ne ainihin ramin tiredin M8 × 1.25. A nan abin da ya saura na kusar siririn zobe ne kamar waya, sai ka tsince shi da tsinken ƙarfe.

Akwai wani ƙarfe mai murɗaɗɗen baki da ake bugawa cikin rami a murza hagu, wai ya fito da guntu. Ni dai ba na sa shi a kusar da tsatsa ta riƙe. An yi shi da tauri ƙwarai, kuma abu mai tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Ga shi kuma yana buɗa guntun yana ƙara matse shi a rami. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda aka huda rami mai kyau, a tsakiya cif, saura baki biyu a gama. Sai mai aikin ya ga kamar hanya ta yi tsawo, ya buga wannan ƙarfe ya ɗora dogon sufana. Ƙarar da muka ji ƙarama ce, ƙas, kamar an taka gilashi. Abin da ya rage a ramin babu bakin hudar da ke cinsa. Yini biyu aka yi ana gugarsa da ɗan dutsen kabayid kafin a koma inda aka baro. In har za ka gwada shi, to da ɗan gajeren hannu, da yatsu uku, kuma da ya ƙi ka zare shi.

Tiredi, fuska, da mayarwa

Kowane rami, har waɗanda ba su ba da wahala ba, ka bi shi da taf, wato ƙarfen yanka tiredi, na M8 × 1.25 da hannu, da ɗan mai, rabin juyi gaba kwata baya, don share datti kawai. Ka hure shi da iska. In tiredi ya lalace ko huda ta ɗan kauce, kada ka cusa kusa mai girma da ƙarfi. Ka sa Helicoil ko Time-Sert, wato sabon tiredin ƙarfe da ake dasawa a cikin rami. Kowanne na zuwa da bakin hudarsa da taf ɗinsa, kuma idan aka sa shi daidai ya fi tiredin alminiyam na asali riƙo.

Sai manifol. Mutane da yawa a nan suke zubar da wahalarsu. Manifol ɗin da ya yi watanni yana aiki da karyayyun kusoshi ya riga ya karkace. Ka kankare fuskarsa, ka ɗora rula ta ƙarfe a kan bakunan biyar, ka haska tocila ta baya. In haske na wucewa sosai a gefe, ka kai shi wajen masu goge tof su daidaita shi. A ganina, in giɓin ya kai kaurin katin ATM, ko ka ga tsaga tsakanin bakuna, sabo ya fi. Wanda ya ɗaure karkataccen manifol da sababbin kusoshi ya ɗora musu kaya tun kafin inji ya tashi. Amma tsohon da aka goge yana da wata fa'ida a kan sabo: ya riga ya gama karkacewarsa. Ka duba kuma ko kusoshi na shiga ramukansa ba tare da gogar gefe ba. In na bakin gaba da na baya sun matse, ka ɗan faɗaɗa su da magagari, domin wannan sarari ne manifol ke miƙewa a ciki. Wasu masu motocin kan canza zuwa bututun sitenles irin na kamfanin Banks Power gaba ɗaya. Yana da kyau, yana da tsada, kuma ba ya ɗauke wa kowa aikin fitar da guntaye.

Fuskar tof ka share ta da abin kankara na roba ko reza a kwance, ba dutse ba. Ka shafa ɗan man hana kamewa mai sinadarin nikel a tiredin kusoshi, ka ɗaura su da hannu har su zauna, ka ɗan ƙara kaɗan. Ba a yi musu ƙarfi, noti ne ke riƙo. Ka cire tsummoki, ka sa gasket, ka ɗora manifol, ka kama dukan notuna da hannu kafin ka matse ko ɗaya. Awon da Ford ya ba notunan nan shi ne Nm 25, wato fam-ƙafa 18. Kaɗan ne ƙwarai, hannu ɗaya ke kai shi, kuma da man hana kamewa a jiki gara ka tsaya ɗan ƙasa da shi da ka wuce. Ka yi amfani da sufana mai awo. Ka bi jerin da littafin injinka ya nuna, in babu shi ka fara daga tsakiya ka fita gefe-gefe, zagaye biyu, na farko rabin awo. Mahaɗar ƙasa ita ce ta ƙarshe, kuma in bututun salansa na jan manifol gefe, ka gyara maratayansa, kada ka jawo shi da noti.

Ka tayar da inji yana da sanyi. Ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bin gefen gasket da shi, ko ƙaramin yoyo za ka ji shi. Hayaƙin da zai tashi a mintunan farko man da ka fesa ne ke ƙonewa, ka bar ƙofofi da tagogi a buɗe. Bayan tafiya biyu ko uku da inji ya yi zafi sosai ya huce, ka koma da sufana mai awo ka bi notuna goman nan yana da sanyi, za ka tarar wasu sun ɗan saki. Kuma daga yau, in ka gama doguwar tafiya ko hawan dutse, ka bar inji ya yi salo na minti uku kafin ka kashe, don manifol ya huce a hankali.

Kafin iyalinka su sake kwana a motar, ɗan'uwa, ka danna maɓallin gwaji na na'urar gargaɗin kabon monoksaid da ke ɗakin, ka duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta. In babu ita, ka sayo ka sa. Sannan ka zagaya ɗaya gefen injin da tocila ka ƙirga notuna, su ma goma ya kamata ka gani.